Layin da Ya Ƙi Cika

Su biyu ne a gidan nan na birnin Barranquilla da ke Kolombiya, Wilmer direban bas da 'yarsa Yuleidis. Tun rasuwar mahaifiyar yarinyar, babu inda muryar marigayiyar ta rage sai a bidiyoyin da ke cikin laftof ɗinsu. Ga shi laftof ɗin ya daina tashi.

Wilmer ya sayo sabon faifan ajiya ya saka, ya soka filas don ɗora babbar manhaja. Layin da ke nuna ci gaban aikin a kan allo ya yi ta tafiya, yana dab da cika sai allon ya yi baƙi. Ya sake, haka. Ya kuma sakewa.

"Haba Papi! Tun safe fa! Wainar arepa har ta huce. Ka kai wa masu gyara mana. Bas ka iya, ba kwamfuta ba."

"Haƙuri, sarauniyata. Filas ɗin nan ne ɗan jabu."

Ta tashi a fusace ta je shan ruwa. Daga ƙofar kicin ta waiwayo. Layin ya kusa cika, sai ta ga yatsansa ya lallaɓa ya danne maɓallin kashewa. Ɗayan hannun yana dafe da aljihun rigarsa, inda ya sa tsohon faifan da ya mutu.

Ta dawo ta zauna kusa da shi.

"Papi, bar shi ya gama."

Nan Yuleidis ta gane cewa bidiyoyin sun tafi da tsohon faifan, kuma babanta ba kasawa ya yi ba, tsoron gamawa yake yi, kada laftof ɗin ya tashi babu muryar mahaifiyarta a ciki.