Ƙararrawar Inna

"Baba, jar wayar nan fa?"

Mika'ilu ya nuna mata kan batir da yatsa, bai ce komai ba. Laure ta ɗaura wayar, ta danna marfin kwalbar da suka mayar makunni. Ƙwan tocila ya kama, tsohuwar lasifikar rediyo ta yi ƙara.

Wata biyu ke nan da suka fara haɗa abin a rumfarsa ta gyaran rediyo a kasuwar Karaye, lokacin da ciwon maƙogwaro ya ɗauke muryar Barira, uwar Laure. In ta danna daga kan gado, sai su ji. Ba su gama ba aka kai ta asibiti a Kano. Mika'ilu ya dawo shi kaɗai a lorin gyaɗa. Aka faɗa wa yarinyar abin da ake faɗa wa yara: Innarki ta tafi unguwa.

Kullum sai ta ja shi su ci gaba. Shi kuma ya bi, hannu na aiki, zuciya ba ta nan.

Yau an gama, sun kawo abin gida. Laure ta ja wayar har cikin ɗakinsa, ta ajiye makunnin a gefen tabarmarsa.

"Ba na Inna ba ne, Baba. Wanda ya tafi unguwa ba a raba kwanukansa. Kai ne ka daina magana. In kana son wani abu, ka danna, zan zo."

Ta juya za ta fita. Lasifikar ta yi ƙara.