Mai Hoton Jakuna

Tun da ka ce aikin da ba a gode maka ba asara ne, to zauna in ba ka misali. An yi wani mai hoto, mutum mai abin mamaki. Abokan sana'arsa suna bin biki da suna, shi kuwa sai ya hau babur ya bi ƙauyuka yana ɗaukar rumbu, da jaki da mangalarsa, da tukwanen da aka kife a bakin hanya, da mata masu sheƙar gero. Har laƙabi aka yi masa, wai mai hoton jakuna. Yana kuma da wata ɗabi'a da ke ƙona wa matarsa rai: duk wanda ya shiga hotonsa, sai ya wanke ya koma ya kai masa, komai nisan garin. Wata rana a wani ƙaramin gari ya ɗauki wani tsoho yana tufkar igiya a gindin tsamiya, ya maƙale bakin igiyar a babban yatsan ƙafa, yana ta dariya. Damina ta yanke hanya, bai samu komawa ba sai da kaka, ya tarar tsohon ya riga mu gidan gaskiya. Ya yi gaisuwa, matar marigayin ta fito har zaure ta karɓi hoton. Ya tafi abinsa, ya ma manta.

Bayan shekaru hanya ta sake biyo da shi garin. Ya hangi shanu suna shan ruwa a tafki, hasken yamma ya yi kyau, gogan naka ko sallama bai yi wa makiyayan ba ya hau ɗauka. Ashe a makon nan aka kore wa garin garke guda, ana kuma ta raɗe-raɗin cewa ɓarayi sai sun turo mai leƙen asiri tukuna. Kafin ya ankara an zare makullin babur, an kewaye shi da sanduna. Aka duba kyamara, me za a gani? Shanu, rumbuna, ƙofofin gidaje, hanyoyin shiga gari. Ya yi rantsuwa har bakinsa ya bushe, ba mai saurare. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ya tuna 'ya'yansa, ya fara salati. Ana cikin haka wata tsohuwa da ke dawowa daga kasuwa ta kutsa cikin taron, ta ƙura masa ido, sannan ta sauke ƙwaryarta.

Ta ce, "Ku sauke sandunan nan. Wannan ne ya kawo mini hoton Malam, wanda kuke shiga ɗakina kuna nuna wa 'ya'yanku kakansu. Kun taɓa jin ɓarawon da ya komo gaisuwar mutuwa?"

Nan take aka sauke sanduna, don rabin masu riƙe da su 'ya'ya da jikokin tsohon nan ne. Can wani mai sayar da rake ya sosa ƙeya ya ce ai shi ma yana da nasa hoton da ya kawo masa, liƙe a jikin bango. Wanda ya zare makulli ya miƙo shi da hannu biyu, yana sunkuyar da kai. Mai hoto ya zauna daɓas a ƙasa yana alhamdulillahi, dariya da hawaye suna zuwar masa tare. Aka damo masa fura, ya shanye tas, a ranar a garin ya kwana.

Shi ya sa Hausawa suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.