Ranar da Aka Zana Tsamiyata

Dokar hukuma ce yanzu: ba a kawar da tsohon abu, bishiya ko rijiya, sai an zana shi an rataye a gidan tarihi.

Yau ɗana Haladu ya zo da fenti, ya kafa allonsa gaban tsamiyar da ubana ya shuka.

Na ce, "Kai suka turo?"

"Gara ni da baƙo, Baba. Zan fito da ita da kyau."

Na zauna a gindinta don in tare masa. Bai ce in matsa ba.

Da la'asar ya juyo mini da allon. Ga tsamiya, ga ni ƙarƙashinta, har da sandata.

"Wa ya ce ka sa ni?"

Ya sunkuyar da kai. "Ku biyun aka ce, Baba."