Hannun Dama, Hannun Hagu

Harkar makaranta babu wanda ya fi ni sani a unguwarmu, aji huɗu kaɗai sau uku na karanta shi. Shi ya sa da Baraka 'yar ƙanwata ta zo hankali tashe, wai gobe za a duba koyarwarta kuma tana so ta sa yara su haddace amsa, na ce zauna ki ji.

Wani ɗalibin malami aka taɓa turowa makarantarmu koyarwar gwaji. Sai mai duba ya ga darasinsa ya gamsu, sannan zai samu shaidar kwaleji ya zauna jarrabawar lasisi. In ya faɗi sai wata shekara, ga ubansa ya riga ya cika ƙauye da "ɗana malam". Maimakon lissafi, sai ya koya wa yara dabara: in ya yi tambaya kowa ya ɗaga hannu, wanda ya sani na dama, wanda bai sani ba na hagu, shi kuwa ya zaɓi 'yan dama. Duk gwajin da suka yi daga bayan aji yake tsayawa, damansu shi ne damansa.

Ranar dubawa, mai duba ya shigo ya zauna a bayan ajin nan, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Dole malam ya koma gaban allo yana fuskantar yara. Gumi ya jiƙa masa riga, alli na karyewa a hannunsa. Ya tambayi bakwai sau takwas, hannuwa suka tashi kamar gonar dawa. Ya dubi damansa ya nuna yaro. Shiru. Ya nuna wani, ya ce ashirin. Na uku ya fashe da kuka. Tsoro ya mantar da malam cewa wanda ka fuskanta, hagunsa ne a damanka. Duk wanda ya nuna ɗan hagu ne. Mai duba ya mai da hularsa ya ce, "Malam, ɗaga hannu kam sun iya. Saura lissafin. Sai baɗi."

Na ce wa Baraka ni ma ya nuna ni ranar, hannuna na dama a sama, don ni lissafi kamar shan ruwa ne.

Baraka ta dube ni. "Kawu, ba yanzu ka ce 'yan hagu kaɗai ya nuna ba?"

Na ce to kin dai gani da idonki. Ramin ƙarya ƙurarre ne.