Faifai Ɗaya, Kwamfuta Shida

Kwamfuta ta uku ta sake rubuta cewa ba ta ga faifai ba, karo na tara a safiyar nan. Manaja ya daki kantar shagon har biro ya faɗi ƙasa.

Shagon na kayan gyaran mota ne, kuma lambobin kayan kaf, daga ƙaramin noti har injin sukutum, suna cikin faifan sidi guda. Kwamfuta shida ce a kan kanta, amma na'urar karanta faifan ɗaya ce tilo, tana ɗakin baya wajen wani daɗaɗɗen ma'aikaci da ake kira Tsoho. In mai saye ya zo, sai a rubuta abin da yake nema a takarda, Tsoho ya karɓa da hannunsa na hagu, ya ja ƙafarsa mai ciwo ya je ya duba, ya dawo da lamba. Kafin ya dawo, wani bakaniken ya gaji ya wuce shagon gaba.

Sai hedkwata ta ce a raba na'urar ta waya, kowace kwamfuta ta riƙa ganin faifan daga inda take. Takardar da ta aiko ta ƙara da cewa ranar da aikin ya kammala, ranar za a sallami Tsoho. Saura masa kwana goma sha tara ya cika shekara ashirin a shagon, kuma wanda bai cika ba, ba shi da fansho. Manaja bai ji daɗi ba. Ya buga waya ya roƙa, aka ce masa ya ji da tasa kujerar.

Kamfanin da ya karɓi kwangilar ya ce aikin awa biyu ne. Suka turo wata matashiyar injiniya, bahaguwa, marar yawan magana, wadda aka ce ita ta nemi a ba ta aikin. Ta karanta takardar hedkwata, ta dubi kalandar bango, ta buɗe jakarta.

Awa biyu ta zama mako guda. Yau faifan ya bayyana a kwamfuta ta ɗaya ya ɓace a ta huɗu. Gobe duka shidan su gan shi, amma a buɗe a tarar ba komai a ciki. Jibi kuma su nemi kalmar sirrin da babu wanda ya sa. Injiniya ta ce waya ce, aka sayo sabuwa. Ta ce kan wayar ne, aka sake shi. Ta kwance rufin silin ta bi layin taku-taku, ƙura ta yi mata furfura.

"Malama, wai karatun nan naki a ina kika yi shi?" in ji Manaja, a gaban masu saye.

"Ka ƙara haƙuri, ranka ya daɗe," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Haƙurin ne ya ƙare masa. Hedkwata na kira safe da yamma, ma'aikatan shagon na guna-guni, shi kuwa har a gida ya fara yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A kwana na goma ya gano bakin zaren, a ganinsa. Wa zai ci riba in aikin ya lalace? Tsoho mana! Ga na'urar a ɗakinsa, ga shi ko gaisuwar kirki ba ya yi da yarinyar. Iyakarsa ya ajiye mata shayi, ko tambayar yawan sukari ba ya yi, ya juya.

Manaja ya karɓe makullin ɗakin baya, ya zaunar da Tsoho a benci, ya ce shi zai riƙa kai takardun da kansa. Kwana uku yana safa da marwa, riga jiƙe da gumi, yana kawo lambar birki a madadin ta kulaci. Faifan bai fasa ɓacewa ba. Ya mayar wa Tsoho makullinsa cikin jin kunya, ya juya kan Injiniya.

Ya kira ubangidanta ya zazzage masa. Washegari takardar gargaɗi ta iso mata, wai in ta sake irin wannan, ta nemi wani aikin. Ta karanta a tsaye, don Tsoho na tsaye a ɗakin, ta ninke ta, ta sa a aljihu, ta koma ƙarƙashin tebur da sukundireba.

Ranar kwana na ashirin Injiniya ta zo da sassafe. Ba ta buɗe jaka ba, ba ta taɓa waya ko ɗaya ba. Ta zauna gaban kwamfutar ɗakin baya, ta danna wani ɗan akwati a allon, ta miƙe. Ko minti biyu ba a yi ba, faifan ya bayyana a duka shidan, lambobi na zubowa kamar an buɗe famfo.

Manaja bai tsaya tambaya ba, gajiya ta yi masa yawa. Ya sa hannu a takardar kammala aiki, ya sa hannu a ta sallamar Tsoho, ya lura shekara ashirin ta cika jiya, ya ce Allah Ya yi dai tsohon nan yana da rabo.

Bayan an tashi ya ga kofin shayin Tsoho a kan tebur, ya ɗauka ya bi shi waje. A bakin titi ya same shi yana jiran mota, Injiniya na gefensa tana kaɗe masa ƙurar kafaɗa. Ba su ga Manaja ba.

"Baba, kawo jakar in riƙe maka," ta ce. "Mama ta ce kada mu tsaya a hanya."