Folda Mai Ƙaramar Kibiya

Da na san abin da maɓallan nan biyu za su nuna mini, da ban taɓa su ba.

Ɗana ne ya ƙara su a kwamfutar shagonmu na buga takardu a unguwar Changli. "Baaba, duk abin da ka gani da ƙaramar kibiya, nuni ne kawai," in ji shi. "Danna wannan maɓalli da wannan, za su kai ka inda ainihin yake."

"Kai da surutu! Kwastoma na jira," na ce.

Da zai tafi kudu neman aiki, ya bar mini folda mai sunan marigayiya uwarsa, hotunanta da muryarta. Kullum ina kallon sunan, amma ban buɗe ba, don kada in yi kuka gaban mutane.

Tun damina wayarsa ta daina shiga. Yau kewa ta ci ƙarfina, na danna maɓallan a kan foldar.

Kwamfuta ta ce babu wurin. Sai lokacin na lura da kibiyar da ke jikin foldar. Ainihin yana cikin filashin ajiyar bayanai da ɗana yake ratayawa a wuya. Ashe suna kawai nake gadi.

Har yanzu ban san garin da yaron yake ba, ban kuma san ko muryar uwarsa tana wuyansa ba.