Abin da ke kunnen Ruƙayya

Furar da Inna Hamsatu ta dama da hantsi tana nan cikin ƙwarya har azahar, ƙuda na kewaya faifan. Ruƙayya ba ta taɓa ta ba. Tana gindin iccen bedi, salula a cinya, 'yan igiyoyi biyu sun shige ƙarƙashin kallabinta sun toshe kunnuwa, hawaye na sauka ba ta ko sharewa.

Ruƙayya matar ɗan Inna ce, ɗan fari. Rabilu sunansa, amma sunan bai taɓa fita daga bakin Inna ba, yana raye ko bayan ransa. Uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta dubansa gaban mutane, ba ta yi masa kuka. Haka ta tarar, haka ta riƙe. Mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal ɗin Ɗan Kassari, sai hutu yake zuwa gida Matankari, har ranar da babur ya kayar da shi a hanya aka kawo shi cikin amalanke. Inna ta ce Allah ya jiƙansa, ta tashi ta ɗora tukunyar baƙi.

Takaba ta ƙare tun kafin shuka. Ga gero ya kai ƙugu, Ruƙayya kuwa sai ƙara bushewa take. Nono ya ja baya. Jaririyarta Marwa ta tsotsa ta saki, ta tsandara kuka, wuyanta kamar sillen kara.

Ba abin da Inna ba ta yi ba. Ta dama kunun kanwa. Ta yanka kazar da take tattali. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, abin da ba halinta ba. Wata maƙwabciya ta ce doguwa ce, a kira masu bori; Shu'aibu, autan Inna mai shago a Dogon Dutsi, ya ce in garaya ta shiga gidan nan shi ya bar shiga.

"Ke, wa ke miki magana cikin abin ga?" Inna ta tambaye ta rannan.

Ruƙayya ta ja gefen zane ta rufe baki, ta sunkuyar da kai.

"Littafi ne, Inna."

Littafi. Inna ba ta san baƙi ba, amma ta san littafi ba ya magana. Ta kuma ga yadda yarinyar ke murmushi ita kaɗai, wani sa'in ta gyaɗa kai kamar mai amsa kira. Ta ga ta zare igiya guda ta kara a kunnen Marwa, 'yar ta yi tsit.

Sai ta ɗauki jikar ta kai awo wurin Madam Ornella, unguwarzomar gidan likita, ta faɗi damuwarta ba kwana-kwana.

"Ba iska ba ne, Inna," Ornella ta ce tana dariya. "Tsofaffin littattafan Nasara ne, wani ya karanta, kai ka saurara. Duk labarin so ne da rabuwa. Wannan ya mutu, waccan ta jira har tsufa. Ni ma ina ji, in sha kukana in tashi."

Ta buɗe bayan tata salular ta nuna mata ɗan kati, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Nan suke kwance, in ji ta. Sannan ta dubi ma'auni, dariyar ta ɗauke. Marwa ta sake raguwa.

Inna ta dawo gida da maganar a ciki. Mai gyambo ba ya zuba masa barkono kullum ya ce yana jiran warkewa. Mutuwar gida ba ta ishi yarinya ba, sai ta aro ta waɗansu mutanen da ko kabarinsu babu?

Da la'asar Ruƙayya ta shiga wanka, ta bar salular a tabarma. Inna ba mai ɓarnar kaya ba ce. Ta sa bakin wuƙa ta ɓalle murfin a hankali, ta zaro katin, ta mayar da murfin yadda yake. Katin kuwa ta jefa shi ƙarƙashin tukunyar tuwo, ta tura icce. Ya ɗan yi wari, shi ke nan.

Ruƙayya ta fito ta danna, ta sake dannawa. Ta buɗe bayan. Ta dubi murhu, ta dubi Inna. Ta zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen zanenta, kuma ba ta yi kuka ba. Inna ta ce a ranta magani da ɗaci yake aiki.

Washegari Shu'aibu ya iso da ɗan kwali a hannu, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Saƙon Ruƙayya ne, Inna. Rediyo ce mai cin kati. Ta ce nauyinki take ji, ba ta iya faɗa miki da baki. Amma in ta kunna a tsakar gida kina aikinki, ba mai cewa saurare kike."

"In saurari mi? Tatsuniyar Nasara?"

Shu'aibu ya dubi ƙasa.

"Ba don labarin ba ne, Inna. Can Ɗan Kassari, in Yaya ya tashi yara, sai ya zauna ya karanta mata yana juyawa da Hausa, yana ɗauka a salula. Muryarsa ce duka a katin salularta, kuma ba ta ko'ina sai cikinsa."